Ta ina zan fara da wiskin single malt, kuma haddace yankuna ya isa?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Edinbara, babban birnin Sikotland, ne ya turo tambayar nan. Yace otal ɗin da yake aikin wucin gadi sun maida shi ɓangaren mashaya, ga kwalaben wiski jere a kanta har sama, baƙi suna zuwa suna tambayarsa wanne ne mai hayaƙi, wanne ne ɗan Speyside, shi kuma banda Johnnie Walker bai san komai ba. Wani abokin aikinsa yace masa kawai ya haddace taswirar yankuna biyar na wiskin Sikotland shikenan ya gama. Shine yake tambaya, ta ina zai fara, kuma haddar ta isa?

Toh ƙanena sannu da ƙoƙari. Haddar bata isa ba, kuma in ka tsaya a kanta akwai ranar da zaka miƙa wa baƙo abin da bai nema ba da cikakken ƙarfin gwiwa. Yanki yana baka hasashe ne kawai. Abin da ke yanke hukunci a kan ƙamshi da ɗanɗanon abin da ke cikin kwalba abu uku ne, hayaƙin da aka busar da hatsin da shi, siffar tukunyar da aka tace shi, sai gangar da ya kwanta a ciki, kuma gangar ta fi sauran nauyi. Na san da yawa cikin masu karanta wannan basa shan giya saboda addini, kuma wasu ko aikin ma ba zasu yi ba, wannan matsaya ce da nake girmamawa, baka faɗa min naka matsayin ba nima ba zan tambaya ba. Abin da zan faɗa maka shine kusan duk ilimin nan da hanci ake samunsa, manyan masu haɗa wiski na kamfanoni ma yawancin aikinsu shinshinawa ne, don ba mai iya kurɓar samfuri ɗari a yini ya kai yamma da hankalinsa.

Mu fara da ma'anar sunan tunda doka ce ta tsara shi, dokar wiskin Sikotland ta 2009. Kafin a rubuta single malt a kwalba dole ya zama daga matata guda ɗaya ya fito, da ruwa da sha'ir mai tsiro (shi ake kira malt) kawai aka yi shi ba wani hatsi, an tace shi a tukunyar jan ƙarfe zubi-zubi, ya kwanta aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok da bata wuce lita 700 ba a cikin Sikotland, kuma ƙarfinsa a kwalba bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Mutane da yawa suna zaton ganga ɗaya ake nufi, a'a, matata ɗaya ce, Glenfiddich ɗan shekara 12 da kake gani gangar da aka haɗa a cikinsa suna da yawa sosai amma duk na gida ɗaya ne. Shi kuwa Johnnie Walker da ka sani haɗi ne, an kwaso daga matatu daban-daban an gauraya da wiskin alkama ko masara wanda ake tacewa a dogon injin da baya tsayawa. Kuma kar ka bari kowa ya sa ka raina haɗin, shine mafi yawan abin da Sikotland ke sayarwa duniya, shi ya riƙe matatun nan shekara da shekaru, sai a 1963 ne ma Glenfiddich suka fara tallata nasu shi kaɗai a wajen ƙasar da gaske.

Yadda ake yi kuwa, in ka taɓa ganin masu burkutu suna jiƙa dawa su shanya ta su rufe har ta tsiro kafin su niƙa, toh matakin farko kenan, sai dai nan sha'ir ne. Ana jiƙa shi kwana biyu haka, a bar shi ya fara tsiro don garin da ke cikin ƙwayar ya shirya komawa sukari, sai a tsayar da tsiron da zafi. A wurin busarwar nan ne maganar hayaƙi take shigowa. Akwai wata baƙar ƙasa da ake yankowa a fadamun Sikotland, ruɓaɓɓen gansakuka da ciyayi ne da suka danne juna dubban shekaru a cikin ruwa, suna ce mata fit, a yanke ta kamar bulo a shanya ta bushe a ƙona. In aka turara jiƙaƙƙen sha'ir da hayaƙinta sai ƙamshin ya kama ƙwayar ya bi ta har cikin kwalba. In kuma da iska mai zafi kawai aka busar babu hayaƙi ko kaɗan, kuma haka yawancin matatu suke yi yau. Kaga kenan hayaƙi zaɓi ne na mai matata, ba wai ƙasar yankin ce ke sa shi dole ba. Zaka ji baƙi masu son nuna sani suna ambatar ppm, ma'aunin sinadarin hayaƙin ne a jikin sha'ir, Laphroaig wajen 40 da ɗoriya, Ardbeg ya haura 50, Octomore yana wuce 100 har akwai fitowar da ta haura 300. Ka riƙe cewa a hatsin ake aunawa ba a kwalba ba, da yawa yana zubewa a hanya, shi yasa lamba mafi girma ba lallai ta fi bugun hanci ba.

Daga nan a niƙa, a zuba ruwan zafi a tatso ruwan zaƙin, a sa yis a barshi ya tashi, wasu kwana biyu wasu har kwana huɗu ko fiye, kuma tsawon lokacin nan yana ƙara ƙamshin 'ya'yan itace. Abin da ya fito giya ce mai ƙarfin kashi 8 haka. Ita ake zubawa a tukunyar jan ƙarfe a dafa, tururin barasa ya riga na ruwa tashi, a sanyaya shi ya koma ruwa, a maimaita a tukunya ta biyu, kuma a ta biyun mai tacewa yana ware na farko da na ƙarshe ya ɗauki tsakiya kaɗai, wanda ke fitowa fari tas da ƙarfin kusan kashi 70. Jan ƙarfen ba ado bane, yana cinye sinadaran da ke wari irin na farar wuta, saboda haka duk yadda tururi ya daɗe yana gogar jikin tukunya haka abin zai fito da sauƙi da tsabta. Glenmorangie da ke garin Tain wuyan tukwanensu ya haura mita 5, tururi mai nauyi baya iya kaiwa sama sai ya koma ƙasa, shi yasa nasu yake da laushi da ƙamshin lemo da fure. Macallan kuma ƙananan tukwane gajeru suke amfani da su, nasu ya fito da kauri da maiƙo. Su Mortlach da Craigellachie har yau tsohon salon sanyaya tururi suke yi, murɗaɗɗen bututu a cikin tankin ruwan sanyi, wanda baya bada gogayya da jan ƙarfe sosai, sai abin ya fito da nauyi har mutane suna cewa yana da ɗanɗanon nama. Kuma su biyun nan a tsakiyar Speyside suke, yankin da taswira zata ce maka komai nasa mai sauƙi ne mai zaƙi.

Yanzu ganga, nan nake so ka fi zama. Duk launin da kake gani na asali daga katako ya fito, da babban rabo na ɗanɗanon. Ganga iri biyu ce ta mamaye harkar. Ta farko wadda aka taɓa ajiye burbon, wato wani wiskin Amurka, a ciki, dalili kuwa dokar can ta ce burbon sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, ba a maimaitawa, saboda haka in sun juye sai su sayar wa 'yan Sikotland da araha. Ita ke bada launin ruwan zinare mai haske da ƙamshin banila, kwakwa, zuma, wani lokaci tuffa. Ta biyu wadda aka jiƙa da sheri, giyar inabi ta yankin Jerez a kudancin Sifen, babba ce tana cin wajen lita 500 kuma tsadarta ta ninka ta burbon sau da yawa, ita ke bada launi mai duhu da ƙamshin zabibi, dabino, kanumfari, ɓawon lemo busasshe. In ka ɗauki wiski ɗaya daga tukunya ɗaya rana ɗaya ka raba shi gida biyu a gangunan nan, bayan shekara goma ba wanda zai ce uwarsu ɗaya. Sannan ganga tana gajiya, zubin farko ya fi ƙarfi, na biyu da na uku katakon ya fara yin shiru sai halin matatar ya fi fitowa, wasu masana ma sun fi son hakan. Akwai kuma abin da zaka gani an rubuta cewa an ƙarasa shi a gangar kaza, wato ya yi yawancin shekarunsa a ta burbon sai aka juye shi a ta sheri ko ta wata giya na wasu watanni ko shekara biyu, Balvenie DoubleWood misali ne da kusan kowace kanta take da shi. Duk shekara kuma wajen kashi 2 cikin ɗari na abin da ke gangar yana bin iska, wannan na cikin dalilan da suka sa mai shekara 25 yake tsada haka.

Lambar shekaru a kwalba tana nufin mafi ƙanƙanta a cikin haɗin, in an rubuta 12 ba ɗigon da bai kai 12 ba. Kuma da zarar ya shiga kwalba ya daina girma. Gaskiya ni ban yarda da cewa mafi tsufa shine mafi kyau ba, na sha jin ɗan shekara 10 da ya fi ɗan 18 rai, musamman masu hayaƙi don hayaƙin yana lafawa da shekaru. Launi ma kar ya ruɗe ka, doka ta yarda a ɗiga ƙonannen sukari don daidaita launi, saboda haka duhu ba shaida bane. Abin da nake dubawa a takardar kwalba shine ƙarfin, in naga 46 yawanci alama ce ba a sanyaya shi an tace maiƙonsa ba, sai kuma in sun rubuta cewa launin na asali ne.

Toh yanzu sai yankunan, kaga zasu zauna maka daidai. Doka ta san guda biyar, Highland, Lowland, Speyside, Islay da Campbeltown. Asalin layin da ya raba Highland da Lowland ma maganar haraji ce, a 1784 aka ja shi, daga wajen Greenock zuwa wajen Dundee, ba wai wani ya ɗanɗana ya ga bambanci ba. Glengoyne tana kan layin sosai har a gefe ɗaya na titi ake tacewa a Highland, a tsallaka titi a ajiye gangunan a Lowland.

Speyside shine kewayen kogin Spey a arewa maso gabas, ƙaramin wuri amma wajen kashi ɗaya cikin uku na matatun malt na ƙasar suna nan. Da can ƙwarurukan nan maɓoyar masu dafawa a ɓoye ce, sai dokar 1823 ta sauƙaƙa lasisi, George Smith na Glenlivet ya karɓi nasa a 1824 cikin na farko, maƙwabtansa masu fasa-ƙwauri suka tsane shi har sai da ya riƙa yawo da bindiga. Gida biyu zaka raba su a kanka, masu sauƙi na tuffa da fure irin Glenlivet 12 da Glenfiddich 12, da masu nauyi na gangar sheri irin Macallan, Glenfarclas da Aberlour. Baƙon da yace bai taɓa sha ba daga gidan farko zaka fara masa. Glenfarclas ina da rauni a kansu, iyali ɗaya ke riƙe da matatar tun 1865, har yau wuta kai tsaye suke hurawa ƙarƙashin tukwane, kuma kuɗinsu bai kai na Macallan ba alhali abin da ke ciki ba ya jin kunya a gabansa, in baƙo yana son sheri amma ya ga farashin Macallan ya yi shiru, nan zaka kai shi. Amma ka sani Benromach ɗan Speyside ne kuma yana da hayaƙi, Benriach ma suna da masu hayaƙi.

Highland ya yi faɗin da ba za a ce ga halinsa ba. Dalwhinnie a kan tsauni mai sanyi zuma-zuma, Clynelish yana da wani santsi kamar kakin zuma a baki, Old Pulteney na garin Wick da Oban suna da ɗan gishiri-gishiri, GlenDronach yawanci sheri ne, Ardmore hayaƙi. Tsibirai ma banda Islay a doka ƙarƙashin Highland suke duk da menu da yawa suna ware musu shafi. Cikinsu biyu ne dole ka sani, Talisker na tsibirin Skye mai hayaƙi da yaji kamar masoro a ƙarshen harshe, da Highland Park na Orkney wanda hayaƙinsa mai laushi ne mai ƙamshi don fit ɗinsu yawanci daga wani ɗan tsiro mai fure ya samu, tsibirin iska ta hana bishiya tsayawa. Highland Park 12 shine gadar da nake ɗora mutum a kai in yana son ya leƙa hayaƙi bai shirya faɗawa ciki ba. Lowland kuma an san su da sauƙi, Auchentoshan kusa da Gilasgo sau uku suke tacewa maimakon biyu, Glenkinchie kuma tana nan kusa da kai a gabashin Edinbara kuma suna karɓar baƙi, in ka samu ranar hutu kaje ka ga tukwanen da idonka, awa biyu a can ya fi karatun sati.

Islay, ana furta shi Aila, shine wanda baƙi suka fi tambaya. Tsibiri ne a yamma mutanensa dubu uku da 'yan kai. A gaɓar kudu akwai uku a jere da ƙafa ma zaka iya zaga su, Laphroaig da Ardbeg na 1815 da Lagavulin ta 1816, kuma duk da kusancin nan ba ɗaya suke ba. Laphroaig 10 warin aidin da bandeji da ciyawar teku yake yi, mutum ko ya so shi sosai ko ya ture kofin. Lagavulin 16 ya fi nutsuwa da zurfi da ɗan zaƙi a ƙasa. Ardbeg 10 hayaƙin ya fi yawa amma akwai lemon tsami a bayansa. Caol Ila ya fi su sauƙi, Bowmore wadda ta fi kowa tsufa a tsibirin tun 1779 tana tsaka-tsaki. Sai inda haddar taswira take kada mutum, Bunnahabhain 12 da Bruichladdich Classic Laddie duk 'yan Islay ne kuma kusan babu hayaƙi a na farkon, na biyun babu sam. Baƙo zai ce maka bani ɗan Islay yana nufin bani hayaƙi, in ka zuba masa ɗaya daga cikin biyun nan ka bashi abin da ya faɗa amma ba abin da yake so ba. Kuma gidan Bruichladdich ɗin nan dai su ke yin Port Charlotte da Octomore masu hayaƙi mai tsanani, a tukwane ɗaya.

Campbeltown ƙaramin gari ne a ƙarshen zirin Kintyre, a ƙarni na 19 matatunsa sun kai wajen 30, sai abubuwa suka haɗu musu a shekarun 1920, haramcin giya a Amurka, karyewar kasuwa, masu haɗi suka koma son na Speyside, wasu matatun kuma da kansu suka zubar da inganci don gaggawa. Yau saura uku, Springbank, Glen Scotia da Glengyle mai fitar da Kilkerran. Springbank kaɗai ta isa ta nuna maka duk abin da nake faɗa, don a gida ɗaya suna fitar da iri uku, Hazelburn ba hayaƙi tacewa uku, Longrow hayaƙi sosai tacewa biyu, shi Springbank ɗin kansa a tsakiya tacewa biyu da rabi. Ruwa ɗaya, ma'aikata ɗaya, gari ɗaya. Kuma tun daga tsirar da sha'ir a daɓe har zubawa a kwalba a harabarsu suke yi. Samunsa yana wuya yanzu, in kantarku tana da shi ka san darajarsa.

Yadda zaka koya a aikace, ka roƙi manajanka ya baka izini lokacin da ba baƙi, ka ɗauki kofin nan mai ciki da ƙaramin baki da ake kira Glencairn, ka jera huɗu kawai kar ka wuce, Glenfiddich 12, Glenfarclas ko Aberlour, Highland Park 12, sai Laphroaig 10 a ƙarshe, don in ka fara da mai hayaƙi hancinka ya tafi kenan na wannan zaman. Kar ka cusa hanci ciki barasar zata ƙone ka, ka riƙe shi ƙasa da hanci kaɗan bakinka a ɗan buɗe, ka ja a hankali, ka ajiye, ka dawo. Sai ka ɗiga ruwa kaɗan ka sake ji, zaka ga ya buɗe, masu haɗi a kamfani har rabi da rabi suke sirkawa. Ka rubuta abin da ka ji da kalmominka, in dabino ka ji rubuta dabino, ba sai ka ari na bayan kwalba ba. Sati na gaba ka canza, ka haɗa biyu daga gida ɗaya masu ganga daban. Haka kantar zata fara raguwa a idonka.

Da baƙo kuma tambaya biyu ta wadatar, kana son hayaƙi ko a'a, sannan mai sauƙi kake so ko mai nauyi da zaƙin busassun 'ya'yan itace. In yace bai sani ba ka tambaye shi me ya saba sha, ko ka buɗe kwalba biyu ya shinshina. Ka kawo masa ruwa a ɗan tulu a gefe ko bai nema ba. In ya nemi ƙanƙara ka bashi ba tare da wa'azi ba, ƙanƙara tana rufe ƙamshi gaskiya ne amma kuɗinsa ne, iyaka in abu ne mai tsada kana iya cewa ya fara kurɓa ɗaya tukuna.

Sai ɓangaren da ya fi komai muhimmanci a aikinka, a Sikotland doka ta wajabta a baka horo na aƙalla awa 2 kafin ka fara sayar da giya, in ba a baka ba ka nema kuma ka tabbatar an rubuta. Duk wanda kake ganin bai kai 25 ba ka nemi katinsa duk da shekarun doka 18 ne, kuma laifi ne ka zuba wa wanda ya riga ya bugu ko da kuwa shine ya kama ɗaki mafi tsada a otal ɗin, ka kira manaja in abin ya fi ƙarfinka. Ka zuba da ma'auni kullum, mililita 25 ko 35 gwargwadon abin da gidanku ya rubuta. Ka kula da kwalaben da aka zuba da ƙarfin ganga ba sirki, irin Aberlour A'bunadh ko Glenfarclas 105 da ke wajen kashi 60, awo ɗaya nasu daidai yake da ɗaya da rabi na saura, baƙo da yawa basa lura sai sun miƙe tsaye, saboda haka ka faɗa musu tun kafin ka zuba. In kai ma kana sha, hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce kar a wuce awo 14 a sati, awo ɗaya shine mililita 25 na mai kashi 40, kuma a raba su cikin kwanaki ba a tara su dare ɗaya ba.